Idan ketamin ya ci mafitsara: inda tiyata ke da amfani da inda ƙarfinta ya ƙare

Mafitsarar babban mutum mai lafiya tana ɗaukar fitsari mililita 400 zuwa 600, kuma yakan zagaya sau shida zuwa takwas a yini. Wanda ketamin ya ci wa mafitsara yana iya kaiwa inda ba ta riƙe ko mililita 50, abin da bai cika babban cokali huɗu ba. Duk bayan minti 15 ko 20 yana hanyar bayi, dare da rana, fitsarin na fita da zafi kamar ana tsaga shi da reza, wani lokaci har da gudan jini. Galibin masu wannan ciwo matasa ne 'yan shekara ashirin da ɗoriya, shekarun da likitan mafitsara bai saba ganin mutum a gabansa ba, balle ya fara yi masa maganar cire mafitsara.

Shi ketamin tsohon maganin sa barci ne na tiyata, kuma mai amfani ne a hannun likita. An haɗa shi a Amurka a 1962, aka amince da shi a ɗakunan tiyata a 1970, har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, saboda yana gusar da hankali ba tare da ya danne numfashi sosai ko ya sa jini ya faɗi ba. Wanda aka yi wa allurarsa domin aiki ba shi da abin fargaba game da mafitsararsa. Ɓarnar tana samun wanda ke shaƙar garinsa ne kullum ko sau da yawa a mako, wata da watanni. A 2007 likitoci a Toronto ta Kanada da kuma Hong Kong suka fara bayyana ciwon a rubuce, daga nan aka ci gaba da ganinsa a Taiwan, Sin da Birtaniya, wadda ta ƙara tsaurara dokarta kan maganin a 2014.

Sauran ƙwayoyi ma sukan kai mutum gaban likitan mafitsara, amma ta wata ƙofa. Kodin, taramadol da danginsu suna riƙe fitsari, wanda galibi robar fitsari da barin ƙwayar ke warwarewa. Hodar iblis kan jawo miƙewar gaba mai zafi da ba ta kwanciya. Idan ta wuce awa huɗu ta zama ta gaggawa: a zuƙe jinin da ya kwanta da allura, a zura maganin da ke tsuke jijiyoyi, in ya ƙi a huda wa jinin hanyar fita ta kan kaciya. Wanda kunya ta zaunar da shi gida har kwana ɗaya da rabi, da wuya tsokar wurin ta sake aiki. Duk da haka babu ƙwayar da ke rushe hanyar fitsari tun daga ƙoda har ƙasa kamar ketamin da 'yan uwansa na kusa.

Yadda ɓarnar ke tafiya

Hanta ce ke sarrafa ketamin, ta mai da shi noketamin da wasu sinadarai, kuma kusan dukansu ta fitsari suke barin jiki. Shi kuwa fitsari zama yake yi a mafitsara na sa'o'i kafin a zubar da shi. Cikin mafitsara akwai wata siririyar fata mai santsi da ke hana gishiri da asid ɗin fitsari ratsa nama. Waɗannan sinadarai suna kashe ƙwayoyin halittar fatar, ta sale, fitsari ya riƙa taɓa tsoka da jijiyoyi kai tsaye. Sai gyambo, sai kumburi, sai zubar jini. Ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da bangon su ma suna lalacewa. Jiki ya tashi gyara ta hanyar da ya sani, wato tabo, shi kuwa tabo ba ya miƙewa. A hankali abin da yake kamar balan-balan sai ya koma kamar ɗan gora, ƙarami, mai kauri, mai tauri.

Abu biyu ne ke jinkirta gano ciwon. Na farko, ketamin maganin kashe zafi ne mai ƙarfi, don haka da zafin mara ya taso sai mai shan ya ƙara shaƙa domin ya samu sauƙi, ana tufka ana warwara. Na biyu, alamun sun yi kama da na ciwon sanyin mafitsara, sai a yi ta ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye, alhali awon fitsarinsa bai taɓa fitar da wata ƙwayar cuta ba. Matashin da ke yawan fitsari da zafi, awo kuma ya fito ba komai, ya kamata a tambaye shi maganar ketamin kai tsaye, ba da faɗa ba, kuma ba a gaban iyayensa ba. A gefe guda dole a kore tsargiya, tarin fuka na mafitsara da ciwon kansa, domin su ma suna ƙanƙance mafitsara. Ko tsokar da aka tsinka aka kai ɗakin bincike tana iya ruɗar mai dubawa, saboda sauyin da ketamin ke yi wa fatar yana kama da farkon ciwon kansa. Shi ya sa ake rubuta masa tarihin shaye-shayen a takardar da ke rakiyar tsokar.

Mai ciwon zafi da yawan fitsari ne suka dame shi. Hankalin likita kuwa yana kan ƙoda, kuma abin da ke haɗa su shi ne matsi. Aikin mafitsara ta tara fitsari ba tare da matsin cikinta ya tashi ba, domin bututun nan biyu da ke sauko da fitsari daga ƙoda ba su da ƙarfin tura ruwa cikin wuri mai matsi. An daɗe da sanin cewa idan matsin ya zauna sama da santimita 40 na ruwa a ma'aunin matsi, ƙoda na cikin haɗari. Ƙanƙantacciyar mafitsara tana kai wannan matsayi da ɗan fitsari kaɗan. Ban da haka, tabon yana ɓata murfin da ke hana fitsari komawa sama, kuma shi ma bututun yana kumbura ya tsuke, wani lokaci a wuri ɗaya, wani lokaci tsawonsa duka. Sai fitsari ya taru a ƙoda ta kumbura. A wani rahoto na Hong Kong na 2008 kan mutum 59, kusan rabinsu an same su da irin wannan kumburin. Mugun abin shi ne ƙoda tana lalacewa shiru, mutum na iya rasa fiye da rabin aikinta bai ji komai a kwiɓinsa ba.

Kafin a kai ga wuƙa

Binciken yana farawa da abu mafi araha: mai ciwon ya rubuta, tsawon kwana uku, lokacin kowane fitsari da yawansa a kofin awo. Sai gwajin jini na aikin ƙoda da na hanta, domin ketamin yana kumbura bututun ɗaci, abin da ke jawo matsanancin ciwon ciki da masu sha suka sani sosai. Sai sikanin na ƙoda, hoton CT mai rini da ke nuna inda bututu ya tsuke, da hoton da ke auna yawan aikin da kowace ƙoda ke yi ita kaɗai. Akwai kuma gwajin matsi, inda ake cika mafitsara a hankali ta siririyar roba ana auna matsinta ana ɗaukar hoto, ko da yake wasu ba sa iya jure shi saboda zafi.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne leƙa mafitsara da na'ura bayan an sa mutum barci. Idan yana barci, babu zafi babu ƙullewar tsoka, sai a ga ainihin abin da bangon ke iya ɗauka. Mafitsarar da ke riƙe mililita 80 a farke amma ta ɗauki 350 a cikin barci, kumburi da zafi ne suka takura ta, kuma akwai fatan ta dawo. Wadda ko a barcin ta tsaya a 100 ko ƙasa da haka ta riga ta zama tabo, babu ƙwayar maganin da za ta sassauta ta.

A matakin kumburi, barin ketamin shi ne maganin. Wani bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2012 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu sha suna da matsalar fitsari, kuma kusan rabin waɗanda suka daina sun samu sauƙi. Sauran magunguna rakiya ce: solifenasin ko mirabeguron domin lafar da tsokar, firegabalin ko amitiriftilin domin zafin jijiya, sai ruwan hayaluronik da ake zubawa cikin mafitsara ta roba domin ya lulluɓe inda ya sale. Magungunan kashe kumburi irin su aibufurofen suna taimakawa, amma ba a ba wanda ƙodarsa ta fara rauni. Kuma wajibi ne a ɗauki zafin da muhimmanci, don wanda aka ce ya daina ba a ba shi abin rage raɗaɗi ba, kafin mako ya zagayo zai koma.

Akwai ƙananan ayyuka biyu da ake yi ta cikin na'urar leƙe. Ɗaya shi ne buɗa mafitsara da ruwa: a rataye ledar ruwan gishiri santimita 60 zuwa 80 sama da mafitsarar, a bar ta ta cika ta tsaya na 'yan mintoci. Sauƙin da ake samu na makonni ne ko 'yan watanni, kuma bango mai gyambo yana iya yagewa idan aka matsa. Ɗayan kuma allurar Botox ce, yuniti 100 zuwa 200, a rarraba a wurare kamar ashirin a cikin bangon. Tana kashe wa tsoka ƙarfi, tana rage saƙon zafi, sai dai tasirinta na ƙarewa cikin watanni, kuma tana iya sa fitsari ya ƙi fita har sai an sa roba. Dukansu biyu kan tsoka mai rai suke aiki. A mafitsarar da ta zama tabo ɓata lokaci ne kawai, lokacin da ƙoda ba ta da shi.

Ceto ƙoda

Idan ƙoda ta kumbura kuma gwajin jini na taɓarɓarewa, ba a jiran mutum ya daina sha kafin a buɗe mata hanya. Hanya ta farko ita ce siririyar roba mai lanƙwasa a kai da ƙasa, tsawonta kamar santimita 24 zuwa 26, wadda ake zurawa ta mafitsara ta bi bututun har cikin ƙoda. Ba a ganinta a waje, wannan ne daɗinta. Amma a wannan ciwo sau da yawa tana ba da kunya. Ƙarshenta na ƙasa yana gogar bangon da ya riga ya sale, zafi ya ƙaru. Kuma tun da buɗaɗɗiyar hanya ce, idan matsalar matsin mafitsara ce, robar sai ta kai matsin nan har ƙoda. Ana sauya ta duk wata uku zuwa shida. Wadda aka manta da ita a ciki tana tara tsakuwa ta manne, cire ta ya zama wani babban aikin, kuma masu fama da shaye-shaye suna cikin waɗanda suka fi tsallake ranar asibiti.

Hanya ta biyu ita ce a huda ta baya, ƙasa da haƙarƙari, ana kallo da sikanin, a sa roba kai tsaye cikin ƙoda ta zuba a jaka. Ba wanda ke son yawo da jaka biyu a cinyoyinsa, amma ita ce ta fi tabbas, domin ta kauce wa mafitsarar gaba ɗaya. Wasu ma zafinsu na raguwa sosai da zarar fitsari ya daina taɓa bangon, kuma wannan alama ce mai amfani ga likita idan ya zo zaɓen babban aiki. Ita ma ana sauya ta kamar duk wata uku.

Babban aiki kuwa yana da sharaɗi. Yawancin cibiyoyi suna neman aƙalla wata shida ba tare da ketamin ba, a tabbatar da gwajin fitsari na ba-zata ko gwajin gashi. Wasu na ganin wannan a matsayin hukunci, alhali dalilinsa na jiki ne. Cikin watannin nan wata mafitsarar takan farfaɗo har aikin ya zama ba dole ba. Mutumin da ya rame, kamar yadda masu sha da yawa ke ramewa, yana samun damar mai da jiki, domin ɗinkin hanji ba ya kamawa a jikin da ba shi da abinci. Babban dalilin dai shi ne duk gyaran da za a yi da hanji ake yinsa, shi kuwa hanji tsotsa ce sana'arsa, zai tsotso ketamin daga fitsari ya mayar cikin jini.

Faɗaɗa mafitsara da hanji

Wannan shi ne aikin da aka fi yi wa wanda mafitsararsa ta ƙanƙance amma ƙodarsa da hantarsa na da sauran ƙarfi. Ana iya yinsa ta tsaga ƙasan ciki ko ta ƙananan huda da na'ura, yakan ɗauki awa uku zuwa biyar. Likita zai nemo inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba, ya auna santimita 15 zuwa 20 baya ya bar wannan yanki, saboda nan ne jiki ke tsotse bitamin B12 da gishirin ɗaci. Daga nan ya yanke santimita 20 zuwa 30 tare da tantanin da ke ɗauke da jijiyoyin jininsa. Wannan tantani shi ne ran yankin: in ya murɗe ko ya ja da yawa, yankin ya mutu. Sai a haɗa bakin hanjin biyu da suka rage domin abinci ya ci gaba da wucewa.

Yankin da aka cire ba a barinsa a siffar bututu. Ana tsaga shi a tsawonsa ta gefen da ke nesa da jijiyoyin, a shimfiɗa shi, a ninke kamar harafin U ko W, a ɗinke ya zama faffaɗan faci mai zurfi. Dalili biyu ne. Hanjin da ke a siffarsa yana ci gaba da motsin tura abinci, kowane motsi kuwa matsi ne da zai koma ƙoda ko ya sa yoyon fitsari. Tsagawa da ninkewa na sa motsin sassan ya kashe juna. Sannan abu mai siffar ƙwallo ya fi bututu ɗaukar ruwa da tsawon hanji iri ɗaya.

Ita mafitsarar ana buɗe ta sosai daga gefe zuwa gefe, har kusa da inda bututun ƙoda ke shigowa. A nan ake yawan kuskure. Idan buɗin bai yi faɗi ba, tabon zai sake tsuke mahaɗar, a samu ɗaki biyu da ƙaramar ƙofa a tsakani, na saman ba ya zubewa, na ƙasan na nan da zafinsa. Saboda haka likitoci da yawa, idan bangon ya yi kauri da gyambo, sukan yanke mafi yawansa su bar gindin kawai, wurin da bututun ƙoda da mafitar fitsari suke, su ɗora hanjin a kai. Ɗinkin duka da zare mai narkewa ake yi, domin duk abin da ba ya narkewa in ya zauna cikin fitsari tsakuwa ce za ta taru a kansa. Kafin a rufe ciki ana cika sabuwar mafitsarar da ruwa a ga ko tana yoyo, a bar roba mai kauri ta mara da wata ta mafita.

Kwanakin farko yaƙi ne da majina. Hanji bai san an sauya masa aiki ba, yana ci gaba da fitar da yauƙinsa, wanda ke toshe roba. Robar da ta toshe a sabon ɗinki na iya fasa shi, don haka ake wanke ta da ruwan gishiri a sirinji mai mililita 50 sau da yawa a yini. Hanjin da aka taɓa yakan yi kwanaki bai motsa ba. Haɗarin da aka fi tsoro a makon farko shi ne yoyon mahaɗar hanji, wanda alamunsa zazzaɓi ne, bugun zuciya da kumburin ciki. Maganin zafi ma sai an yi dabara, domin jikin da ya saba da ketamin ba ya jin ƙaramin awo, shi kuma ketamin ɗin, wanda ake ba sauran marasa lafiya bayan aiki, an fi so a kauce masa a nan. Yawanci ana kwana bakwai zuwa goma a asibiti. Bayan mako biyu zuwa uku a yi hoton rini, in babu yoyo a cire robobin.

Abin da ake samu shi ne ma'aji mai ɗaukar mililita 400 zuwa 500 cikin ƙaramin matsi, barcin dare, da ƙodar da ta huta. Abin da ake biya kuma na har abada ne. Facin hanji ba ya matsewa ya fitar da fitsari, don haka da yawa sai sun riƙa zura wa kansu roba mai tsabta sau huɗu zuwa shida a yini. Dole a koya wa mutum wannan, a ga ya iya kuma ya yarda, tun kafin aiki. Wanda mafitarsa ke masa zafin da ba zai iya ba, ana yi masa wata ƙofa da afendis ɗinsa, ɗan siririn bututun da ke rataye a farkon babban hanji, daga mafitsara zuwa cibiya, dabarar da likitan Faransa Paul Mitrofanoff ya bayyana a 1980. Majina da ragowar fitsari suna haifar da tsakuwa da ciwon sanyi, shi ya sa ake son yawan shan ruwa da wankin mafitsara a kai a kai. Ƙwayoyin cuta kusan kullum za a gan su a fitsarin mai irin wannan mafitsara, kuma ba a ba shi magani sai in akwai zazzaɓi ko ciwo.

Hanjin yana tsotse amoniya da kuloraid daga fitsari ya mayar cikin jini, jinin ya yi tsami. Lafiyayyar ƙoda na gyara wannan, mai rauni ba ta iyawa, sai gajiya, rashin cin abinci, da zaizayar ƙashi a tsawon shekaru. Wasu sai sun riƙa shan ƙwayar bakabonet mai rage tsamin jini. Wannan ne ya sa ba a son yin aikin idan tacewar ƙoda ta sauka ƙasa da mililita 40 zuwa 50 a minti, ko idan hanta ta taɓu, domin hantar da ba ta iya sarrafa amoniya tana barinta ta hau kai ta rikita hankali. Ƙarancin B12 ba ya bayyana sai bayan shekara uku zuwa biyar, lokacin da ajiyar hanta ta ƙare. Akwai ɗan haɗarin ciwon kansa a mahaɗar bayan shekara goma ko fiye, abin lura ga wanda aka yi wa aiki yana da shekara 25. Sai fashewa, wadda ba ta da yawa amma tana kisa: mafitsarar ta cika fiye da kima ta tsage, fitsari mai ƙwayoyin cuta ya malale cikin ciki. Mai irin wannan mafitsara da ya zo da ciwon ciki, zazzaɓi ko ciwon kafaɗa, a ɗauka ta fashe har sai hoto ya nuna akasin haka.

Idan babu abin cetowa

Wani lokaci gindin mafitsarar ma ya lalace, ko ƙoda ta yi raunin da ba za ta jure ma'ajin hanji ba, ko mutumin ba zai iya sa wa kansa roba ba. A nan ana karkatar da fitsarin ne ta hanyar da Eugene Bricker ya yaɗa a Amurka a 1950. A ɗauki ƙaramin hanji kamar santimita 15, a toshe baki ɗaya, a dasa bututun ƙoda biyu a jikinsa, a fito da ɗaya bakin ta bangon ciki, galibi dama ƙasa da cibiya, ya ɗan turo santimita biyu zuwa uku domin fitsari ya ɗiga cikin jaka ba kan fata ba. Wurin ana zana shi tun kafin aiki, mutum na zaune, yana tsaye, yana sunkuye, a kauce wa ninkin fata da layin ɗamara, don jakar da aka manna a mummunan wuri yoyo za ta yi ta yi. Da yake fitsarin wucewa kawai yake yi, tsotsar ba ta da yawa. Matsalolinsa su ne kaba a gefen bakin, tsukewar bakin, da tsukewar inda aka dasa bututun. Matasa sun fi ƙin wannan aiki saboda jakar, amma shi ne ya fi yafe sakaci.

Ana muhawara kan a cire tsohuwar mafitsarar ko a bar ta. Barinta na rage tsawon aiki da haɗarin taɓa jijiyoyin gaba, sai dai tana iya tara mugunya, ta yi jini, ko ta ci gaba da ciwo. Idan za a cire, tun da ba ciwon kansa ba ne, ana ƙoƙarin barin furostet, ƙullin da ke ƙasan mafitsara, da jijiyoyin miƙewa ga namiji, da mahaifa ga mace. Ga wanda ƙodarsa ke da ƙarfi kuma mafitarsa lafiya, ana iya gina sabuwar mafitsara ɗungum da hanji santimita 50 zuwa 60, irin tsarin likitan Suwizalan Urs Studer, a haɗa ta da mafita. Duk matsalolin tsotsa sun fi yawa a nan, ga kuma yoyon dare. Kuma ko wane aiki aka zaɓa, dole a gaya wa mai ciwon gaskiya cewa zafin da ya shekara yana iya zama a jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ya ci gaba ko an cire mafitsarar.

Bututun ƙoda shi ne wurin da ya fi ba likita wahala. Dabarar da aka saba ta yanko gefen mafitsara a naɗe shi ya cike giɓin bututu ba ta yiwuwa, don babu mafitsarar da za a yanka. Idan tsukewar na ƙasa ce kuma gajera, a yanke ta a dasa lafiyayyen bakin cikin facin hanjin. Gajerar tsukewa a sama ana iya buɗa ta a yi faci da fatar cikin kunci. Idan ta yi tsawo, sai a maye gurbin bututun da wani yankin hanjin, wanda ke ƙara yawan hanjin da fitsari ke taɓawa. Bututun da ketamin ya taɓa jininsa kaɗan ne, don haka mahaɗar na iya sake tsukewa bayan watanni, shiru kamar na farko.

Macen da aka faɗaɗa wa mafitsara tana iya ɗaukar ciki ta haihu. Abu biyu ya kamata ta sani: awon ciki na fitsari yana iya nuna akwai ciki alhali babu, saboda majinar hanjin, don haka na jini ake yi. Kuma idan za a ciro ɗan ta tiyata, a yi shi da likitan mafitsara a kusa, domin tantanin da ke ciyar da facin yana ratsawa ta gaban mahaifa.

Sai maganar komawa sha bayan aiki. Ketamin ɗin da ƙoda ta tace ya sauko cikin sabon ma'ajin, hanjin ya tsotse shi ya mai da shi hanta, ya sake zagayowa, don haka awo ɗaya yana daɗewa a jiki fiye da da, hanta da bututun ɗaci na ƙara shan wahala. Gindin mafitsarar da aka bari da bututun ƙoda suna ci gaba da tabo. Wanda ke cikin maye kuma yana manta lokacin sa roba, ba ya jin cikar mafitsara, ba ya jin zafin fashewarta da wuri. An ga waɗanda suka bi wannan hanya suka ƙare a wankin ƙoda, dashen ƙoda kuma ba a yi wa wanda bai daina ba. Saboda haka likitan ƙwaƙwalwa da masu kula da barin ƙwaya suna cikin aikin tun ranar farko har bayan sallama, tare da bibiyar da ba ta yankewa: sikanin ƙoda da gwajin jini na kiriyatinin (ma'aunin aikin ƙoda), bakabonet da hanta bayan wata uku, wata shida, sannan duk shekara, a ƙara da awon B12 daga shekara ta uku, da leƙa mafitsarar duk ranar da aka ga jini a fitsari.